Allon da Ya Ƙi Yin Fari

Auta tana ɗakin malamai, ta baje takardun jarrabawar ɗalibanta a kan tebur da jan biro a hannu, sai wayarta ta ɗauki ruri. Mama ce. Ko gaisuwa ba ta bari an ƙarasa ba.

"Ki zo ki ga abin da ubanki ya yi wa kwamfutar nan."

Auta ta san ma'aunin gidansu. In ana zaman lafiya, Babanku ne. In ya koma ubanki, to ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba.

"Mama, ina wurin aiki."

"Ni ma wurin aikin nake, shi ya sa na kira ki. In an tashi ki biyo."

Kwamfutar dai Yaya ne ya saya musu, babban ɗansu, lokacin da Baba ya yi ritaya daga gidan waya. Ya kawo ta a kwali, ya haɗa ta a kan ƙaramin tebur a lungun falo, ya ɗauki hotonsu a gabanta suna murmushi, sannan ya koma garin da yake aiki can nesa. Shi ya kwashe ladan. Wahalar kuwa ta faɗa kan Auta, don ita ce ke zaune kusa.

Mama tela ce, amma ba ta ɗinka tufafi. Labule take yi, da zanen gado, da rigar matashin kai. A kwamfutar take shiga shafin dillalin yadi ta zaɓi abin da za a kawo mata, a nan kuma take nuna wa masu saye samfuri. Baba shi nasa labaran duniya ne, da bidiyon mutanen da ke farfaɗo da tsofaffin motoci, duk da cewa ko tayar keke bai taɓa canzawa ba.

Da Auta ta shiga falon da yamma, ta tarar da Mama tsaye a gaban teburin ta riƙe ƙugu. Baba yana kan kujerarsa ya ɓuya a bayan jarida.

Ta dubi allon. Komai ya kumbura. Alamomin da ke gefe sun zama kamar dunƙulen hannu, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro da gefe kamar haƙoran zarto, shafin dillalin kuma rabinsa ya fice ta dama. Wani yadi mai ɗigo-ɗigo da Mama ke son saye, ɗigon duk sun miƙe sun zama ƙwai.

"Kin gani?" in ji Mama. "Ina wurin da ake dannawa a ce a kawo kaya? Ya jefar da shi. Tun safe nake nemansa."

"Ban jefar da komai ba," in ji Baba daga bayan jarida. "Gyara na yi."

"Gyara! Ji wani gyara."

Auta ta ajiye jakarta ta ja kujera. Ta shiga saitin allo, inda ake zaɓar yawan ɗigon da na'urar ke zana hoto da su. Baba ya gangara can ƙasan jerin ya zaɓi mafi ƙanƙantar lamba. Ta mayar da shi kan wadda na'urar kanta ta ba da shawara. Allon ya yi baƙi ƙirin.

"Shi ke nan, ta ƙarasa kashe ta," in ji Mama.

Kafin ta rufe baki hoto ya dawo. Ƙwai sun koma ɗigo, shafin ya shigo cikin iyakarsa, wurin dannawar ya bayyana a kusurwa kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Baba ya sauke jaridar ya matso, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"To ai kin mayar da shi rubutun tururuwa. Wa zai karanta wannan?"

"Mai tabarau, Baba. Ina naka?"

"Wancan ba nawa ba ne. Na wani suka ba ni. In na sa shi ƙasa karkacewa take."

Auta ta ja numfashi. Ta nuna masa yadda zai danne maɓallin da ke kusurwar hagu ya taɓa alamar tarawa, rubutun shafin da yake karantawa kaɗai ya ƙara girma, ba tare da ya dagula wa kowa komai ba. In ya gama ya taɓa alamar ɗebewa. Ta sa ya gwada har sai da ya iya. Ya ce ai da ma ya sani, mantawa ya yi.

Ta ɗauki jaka ke nan Mama ta ce, "Ina za ki? Girman ya dawo, launin fa? Wannan ya yi miki kama da fari?"

Gaskiyar Mama ce. Farin shafin ya ja zuwa rawaya, kamar takardar da ta daɗe a rana. Auta ta sake zama ta laluba, ta tarar an kunna saitin da ke rage shuɗin haske don hutar da ido, an kuma ja shi har ƙarshe. Ta juya ta dubi Baba.

"Wani likita ne ya faɗa a bidiyo," in ji shi. "Wai shuɗin haske yana hana barci."

"Kai da ke barci a zaune da kofin shayi a hannu?" in ji Mama.

Auta ta kashe saitin. Allon ya washe, ya yi fari tas. Mama ta ƙanƙance ido ta karkata kai.

"Da sauƙi. Amma da saura."

"Babu saura, Mama. Idonki ne bai saba ba tukuna."

"Idona lafiyarsa lau. Da shi nake zura zare a allura tun ba a haife ki ba."

Ba a daɗe ba sai ga kiran Baba. Wannan kuwa abin mamaki ne, don shi ba ya kiran kowa, sai dai a kira shi ya yi ƙorafin an daɗe ba a kira ba. Da ƙasa-ƙasan murya yake magana.

"Auta, in kin sami sarari ki leƙo. Kowa ya zama shuɗi."

"Wa ya zama shuɗi?"

"Kowa. Mai karanta labarai kamar wanda aka tsamo daga ruwa."

Ta je. Ashe Mama ta gano wasu ƙananan maɓallai a ƙasan allon, waɗanda ko Auta ba ta taɓa lura da su ba. Ta yi ta dannawa har ta faɗa inda ake haɗa ja da kore da shuɗi, ta ƙure shuɗin, ta rage jan, ta ɗaga haske har ƙarshe. Kallon allon kawai sai da idon Auta ya kawo ruwa.

"Yanzu ne ya fara hankali," in ji Mama, tana kan keken ɗinki ba ta ko ɗago ba. "Kar ki taɓa."

"Mama, a haka in kika zaɓi ruwan hoda, Allah kaɗai ya san me za a kawo miki."

"Na ce kar ki taɓa."

Auta ta taɓa. Ta mayar da komai yadda ya fito daga kamfani, ta nemo salatif ta liƙe maɓallan. Mama ta ce ta haɗa kai da ubanta. Baba ya ce ai shi bai ce a liƙe ba, don akwai na ƙara duhu da yake amfani da shi. Ta fita daga gidan su biyun suna fushi da ita, wanda rabon da su haɗu a kan magana guda har ta manta.

Daga nan abin ya zama sana'a. Salatif bai kwana ba aka ɓare shi, kowa kuma ya rantse ba shi ba ne. Da safe Mama ta ƙure shuɗi, da rana in ta shiga kicin Baba ya lallaɓa ya mayar, garin mayarwa ya ɓata wani abin dabam. Wata rana Auta ta tarar da allon ya kwanta a gefe, sai ka karkata wuya kafin ka karanta. Wata rana komai ya koma baƙi da kore kamar na'urar asibiti. Ta buɗe wa kowannensu nasa wurin shiga da sunansa, don kowa ya yi saitinsa. Baba ya manta kalmar sirrinsa ya koma shiga ta wurin Mama. Maɓallan ƙasan allo kuwa ba ruwansu da sunan kowa.

Mijin Auta ya fara tsokanarta. In ta dawo gida a gajiye sai ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, injiniya. Yau wane launi aka tashi da shi?"

"Ka ci gaba. Gobe kai zan tura."

"Ni? Surukai? Ina! Ni launin da Mama ta ce shi nake gani."

Auta ta kira Yaya ta zazzage masa komai. Ya saurara yana ta cewa to, to, ana jin ƙarar maɓallan tasa kwamfutar yana wani aikin. Da ta gama ya ce, "Kin gwada kashewa ki kunna?"

Ta kashe wayar, ba ta kunna ba sai da ta huce.

Mama dai ta kafe cewa allon ya lalace, kuma Baba ne ya lalata shi tun ranar da ya kunna abin barcinsa. Rawayar ta shige ciki ta zauna, in ji ta, kamar yadda mai ke kama yadi. Don a zauna lafiya, ranar da ba makaranta Auta ta cire allon ta naɗe shi da tsohon bargo, ta rungume shi a bayan tasi har layin masu gyara. Shagon yana hawa na biyu, matakalar ƙunci gare ta, wani ya jera kwalaye a kai. Ta isa tana haki.

Mai gyaran ya jona allon kusa da wani sabo, ya buɗe farin shafi a duka biyun. Ya duba wannan, ya duba wancan.

"Me kika ce yana yi?"

"Wai rawaya."

"Wai?"

"Mahaifiyata ce ta ce."

Ya sosa ƙeya. "To, ni dai ban ga komai ba. Amma ki canza kebul, wani lokacin daga nan ne."

Ta sayi kebul ɗin da ta san ba ta buƙata, ta sake rungumo allon ta sauko. A gida ta haɗa komai, gumi yana bin bayanta. Mama ta zo ta tsaya, ta duba, ta taɓe baki.

"Cutarki ya yi. Ko buɗe shi bai yi ba."

Auta ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta daɗe tana kallon famfo.

Abin ya kai maƙura ne a kan aikin wata mai masaukin baƙi. Matar ta buɗe sabon sashe, ta ba Mama ɗinkin zannuwan gado na ɗakunan gaba ɗaya, da sharaɗi guda: farare tas, ba ruwan madara ba. Aiki ne babba, irin wanda Mama ta daɗe tana nema. Ta shiga shafin dillali, duk farin da ta buɗe ta ce ruwan madara ne. Daga ƙarshe ta kira shi ta ce ya aiko da mafi farin da yake da shi. Ya aiko, ta mayar. Ya sake aikowa, ta sake mayarwa da saƙo mai zafi. A karo na gaba ya ce wannan ne na ƙarshe, in bai yi ba ta nemi wani dillalin.

Auta ta shigo ta tarar da bandir ɗin a warware a kan teburin yanka. Hasken taga ya faɗa a kansa, fari har yana ɗaukar ido. Mama tana zaune a gefe da almakashi a cinya, ba ta yanka ba. Baba yana tsaye a bakin ƙofa.

"Dube shi," in ji Mama. "Shekara da shekaru ina sayen kaya a wurinsa, yau ni zai raina wa hankali. A kwamfuta ruwan madara, a hannu ruwan madara, kuma ya ce min fari ne."

Auta ta taɓa yadin. Ta dubi Mama.

"Mama, wannan ai fari ne."

"Ke ma?"

"Wallahi fari ne. Ya fi takardar nan fari." Ta zaro takarda daga jakarta ta ɗora a kai.

"Takardar taki ma ai ta tsufa."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai Baba ya yi gyaran murya. "Auta, zo ki kama min wani abu a waje."

Babu abin kamawa. Ya kai ta bayan gida inda igiyar shanya take. Fararen rigunansa ne jere, da tawul, da zanen teburin cin abinci. Ya kamo hannun wata riga ya ɗaga ta sama. Yadin ya yi siriri har ana hango yatsunsa ta ciki, warin bilic yana tashi.

"Kullum sai ta sake wanke su," in ji shi a hankali. "Wai ruwan famfo ya ɓaci. Ta canza sabulu, ta kori mai wanki. Kwanon banɗaki ta goge shi har ya fara zubar da fenti. Tun kafin rigimar kwamfuta ake wannan."

Auta ta tsaya tana kallonsa. "Baba, ka sani?"

"Na yi zargi."

"Kuma ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa sau ɗaya. Na ce ko za mu je a duba idon. Ta yi kwanaki ba ta yi min magana ba, abinci ma turo min shi take da gefen hannu." Ya saki rigar. "Kakarku ba ta gani ta rasu, kin sani. Uwarki ce ta yi ta jan hannunta har ƙarshe. In kika ce mata ido, abin da take ji ke nan. Da ta ce ni na ɓata allo, sai na ce to, gara ta ce ni ne."

Tausayi ya taso wa Auta, amma haushi ya riga shi isowa.

"Gara ta ce kai ne? Baba, ni fa na ɗauki allon nan a ƙirji na hau bene da shi! Na sayi kebul! Na yi faɗa da Yaya! Kana zaune kana kallona!"

"Na ce ko mai gyaran zai gano wani abu, mu huta duka."

"Ya gano me? Abin da babu?"

"Rage murya, za ta ji."

"Gara ta ji."

Ta koma ciki ta durƙusa a gaban Mama, ta karɓe almakashin ta ajiye a kan tebur.

"Mama, abu ɗaya zan roƙe ki. In kin yi, na yi alkawari ba zan sake taɓa miki saiti ba, ko kore kika mayar da shi. Rufe idon dama da hannu ki dubi yadin nan."

"Wasan yara za ki sa ni?"

"Don Allah."

Mama ta yi tsaki, amma ta ɗora tafin hannu a kan idon. Ta dubi yadin.

"To, yanzu ya ɗan washe. Rana ce ta fito."

"Sauya. Rufe na hagu."

Ta sauya. Auta tana kallon fuskarta. Mama ta ƙifta idon da ke buɗe, ta sake ƙiftawa, ta murza shi da bayan yatsa. Ta koma na farko. Ta dawo na biyu. Ta yi haka ta sake yi, kanta yana juyawa daga yadin zuwa bango, daga bango zuwa allon kwamfutar da ke lungu. Sannan ta sauke hannun a cinya.

"Kamar ta cikin ruwan shayi nake kallo," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

Baba ya matso ya tsaya a bayan kujerarta. Ya ɗora hannu a kan majinginar kujerar, kusa da kafaɗarta.

Mama ta share gefen ido da bakin mayafi, ta ɗago.

"Hasken da yake ta juyawa ne ya ja min."

"Na ji," in ji Baba. "Ni ne. Gobe sai mu je a gaya wa likita laifina."

Likitar ido mace ce mai fara'a, ba ta fi Auta shekaru ba, abin da Mama ta lura da shi tun daga bakin ƙofa ta kuma faɗa a fili. Ta ɗiga mata magani, ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska. Ta ce yanar ido ce, a duka biyun, amma ta dama ta fi nuna. Ta ce abu ne da ke zuwa da shekaru, yana sa fari ya koma rawaya a hankali har mutum bai san lokacin da ya fara ba. Ana cire ta a sa wani ɗan gilashi a madadinta, a sallami mutum ranar.

"Uwata ma haka aka ce mata yana," in ji Mama.

"An yi mata aiki?"

"Ba ta yarda ba."

"To ke za ki yarda, Mama, ko?"

Mama ta yi mata tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Sau nawa ta taɓa yi, hannunta yana rawa ko ba ya yi, da wane irin zare ake ɗinkewa. Da likitar ta ce galibi ba a ma ɗinki, Mama ta ce wannan aikin ganganci ne, amma ta sa hannu.

Baba yana gefe yana gyaɗa kai kamar shi ya koyar da likitar. Likitar ta juya ta dube shi, ta ga yadda yake miƙa takardar magani can nesa yana ƙanƙance ido.

"Baba, zo ka zauna nan. Karanta min layin can na uku."

"Ni rakiya na yo."

"Zauna," in ji Mama.

Ya zauna. Layi na uku ya gagara, na biyu ma da ƙyar da taimakon Mama. Aka rubuta masa sabon tabarau. A hanyar komawa ba wanda ya yi wa wani dariya, don ba mai bakin yi.

Zannuwan masaukin kuwa Mama ta yanka su kafin ranar aikin, a kan shaidar Auta da mijinta da maƙwabciya, waɗanda ta sa kowannensu ya dafa yadin ya ce fari ne. Ta kira dillalin. Ba ta ba shi haƙuri ba, ta dai tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya gane.

Aka yi wa Mama aikin idon dama, aka sallame ta da bandeji. Washegari da safe suka koma aka cire. A mota tana sanye da baƙin gilashin da aka ba ta, tana bin komai da kallo ta taga, motoci, allunan shaguna, rigunan 'yan makaranta. Sau ɗaya kawai ta ce, "Ashe sama haka take."

Suna shiga falo ta cire gilashin. Kwamfutar tana kunne a lungu da saitinta na ƙarshe. Ta kare ido da hannu.

"Kashe min wannan abin, zai makantar da ni. Mayar da shi yadda yake." Auta ta mayar.

Mama ta juya a hankali tana duba ɗakin, kamar baƙuwa. Ta dubi kujeru, ta dubi dardumar ƙasa. Sai idonta ya sauka a kan labulen babbar taga, ta tsaya cak. Labule ne mai kauri da ta ɗinka bara, jikinsa shuɗi mai ja-ja kamar ɗanyen tabo, ta bi bakinsa da leshi kore shar.

"Mene ne wannan?"

"Labulenki ne, Mama."

"Nawa ruwan toka ne. Ruwan toka da bakin ruwan ƙasa."

Auta ta dubi Baba. Baba ya dubi silin ta cikin sabon tabaraunsa.

"Kuna nufin shekara guda wannan abin yana rataye a falona? Masu saye suna shigowa suna zama a ƙarƙashinsa? Ina nuna musu shi ina cewa aikina ne?" Ta dafe ƙirji. "Shi ya sa matar nan mai kantin magani ta ce za ta yi shawara, ba ta dawo ba. Kuma ba wanda ya buɗe baki a cikinku!"

"Ni na ce yana da fara'a," in ji Baba.

"Ɗauko tsani."

"Likita ta ce ki huta, ranki ya daɗe."

"Ni ta ce wa, ba kai ba. Auta, riƙe masa."

Haka Auta ta tsinci kanta riƙe da ƙafar tsani, Baba a sama yana kokawa da ƙugiyoyi yana mita, ƙura tana zubo mata a ka. Mama ta zauna a kujerarsa ta mayar da baƙin gilashinta, tana ba da umarni da yatsa. Da ɓangaren farko ya faɗo, rana ta cika falon har bango.

"Ku naɗe shi ta ciki," in ji ta. "Kar ku bi da shi ta ƙofar gaba. In kun gama akwai na ɗakin kwana, shi ma ina so in gan shi."